Bokiti Bakwai a Sheffield

Bayan gidanmu taku shida ne, na auna,
daga ƙofar kicin zuwa katangar Derek.
Nan na jera bokiti bakwai,
na huda gindinsu da ƙusa,
na sayo ƙasa a buhu.
Ni, jikar Tasalla mai lambu a bakin fadama,
na ba da kuɗi aka ba ni ƙasa!
Da tana raye da ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kuɓewa ce ta fara yi mini tawaye.
Ta leƙo, ta ga sama kamar tokar murhu,
ta ce ba da ita ba.
Attarugu kuwa sai da lallashi,
a bakin taga yake kwana,
ina juya shi safe da yamma kamar mai jinya.
Ya biya ni da 'ya'ya tara. Na ƙirga.

Na'a-na'a ba ta san kunya ba,
an ba ta aron bokiti, tana neman gida.
Latas ɗina dodon koɗi ya riga ni,
ya bar mini sawu mai ƙyalli, ko godiya babu.

Yakuwa nake jira.
Wata huɗu, ganye biyar.

Ran nan Derek ya miƙo ta saman katanga
wasu jajayen karare, wai rubab,
wai da sukari ake dafawa.
Na ciza.
Tsami ya kama mini muƙamuƙi,
na tsaya cikin yayyafi, ido rufe,
ina jin Tasalla tana cewa a sauke tukunya.

Cikin fate na yanka shi, ban nemi sukari ba.
Alayyafo da sauran raɓa a jikinsa,
lawashi, attarugu ɗaya cikin taran nan.
Suhaila da ke yamutsa fuska ga duk wani ganye
ta shigo da jakar makaranta a baya,
ta sha kwano biyu a tsaye.

Derek ya sha nasa, ya yi hawaye,
ya nemi ruwa,
ya nemi ƙari.

Yanzu sanyi ya sauko, ganye ya kwanta.
Na wanke bokitan na kife.
Guda na ware gefe:
na kuɓewa ne, baɗi ma sake magana.