Mai Amsa na Sha Bakwai

Kwamitin ɗa'ar bincike ya zauna ran Laraba,
hawa na biyu, ƙarƙashin fanka mai ƙara.
Suka ba ni hatimi da sharuɗɗa:
kar ki biya su, kuɗi na murɗa harshe;
kar ki ɗauki fuska;
kar ki tone ramin da ba ki da ƙasar rufe shi.
Sunayensu kuwa, ki binne.

Daga Samaru na hau a-daidaita zuwa Dogarawa,
rikoda a jaka, takardun amincewa tamanin.
Kango ne, gini ya tsaya a linta,
mai shi na can Fatakwal yana tara kuɗin kwano.
Iyali tara sun raba ɗakuna da buhunan taki.

Nomau ne ya shimfiɗa min tabarma.
Na karanta masa takarda daki-daki:
"Kana da 'yancin tashi duk sa'ad da ka so."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tashi? Malama, ai tashin ne ya kawo mu."

Ya dangwala yatsa, zane bai fito ba,
ƙotar fartanya ta cinye shi tuntuni.
Sau uku muna yi, sai baƙin tabo.

Minti arba'in da bakwai rikoda na sha:
daren da babura suka ɓullo ta bakin rafi,
rumbu shida, gero sabon yanka,
shanun huɗa biyu,
da Hajo, da ta koma ɗauko tukunya.
Nan ya tsaya. Minti huɗu cur.
Kaza ta wuce, wani yaro ya nemi ruwa.
Da na zo kwafewa, ƙa'ida ta ce in rubuta "shiru".
Kalma ɗaya tak, na ci gaba.

Na ce, "Baba, kwantar da hankali,
ba mai sanin kai ne.
A littafi sunanka Mai Amsa na Sha Bakwai."
Ya daɗe yana kallon biron hannuna.
"Gona ta tafi. Gida ya ci wuta.
Katin zaɓe na aljihun rigar da na bari a ƙusa.
Sunan da aka yanka min rago a kansa,
shi kaɗai ya biyo ni ban ɗauko shi a ka ba.
Ke kuma shi kika zo karɓa?"

Farfesa Ladan ya saurara, ya cire tabarau.
"Don a kare shi ne. Masu baburan nan
suna da kunne a kowace kasuwa."
Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci min rai ke nan.
Da ƙarya ce, da na yi barci.

Ranar kare kundi an kawo lemo da cincin.
Mai jarrabawa daga Jos ya yaba babi na uku,
ya ce in gyara waƙafi a shafi na casa'in.
Aka miƙe, aka ce Dakta.
Babu wanda ya tambayi tukunyar.

Bayan sati biyu, sharaɗi ya sake ni,
na ɗauki buhun masara na koma.
An buga kwano. Fenti ruwan ƙwai,
ƙofar ƙarfe, waya mai ƙaya a kan katanga.
Mai shayi ya ce, "Sun yi gaba tun kafin azumi,
wasu sun ce Saminaka, wasu sun ce Soba."
Ni da na rubuta shafi ɗari uku kan masu ƙaura
ban karɓi lambar kowa ba.
Wai kar a bar sawu.

Kundin na nan a ɗakin karatu, baƙin bango,
sha bakwai na zaune a shafi na ɗari da sha biyu.
Kai mai karatu, kar ka yi saurin murna:
Nomau ma ba sunansa ba ne.
Na ainihin na nan a kumatuna kamar goro,
ban haɗiye ba,
ban kuma sami inda zan tofar ba.