Kogin da Ke Kan Tebur

A ajin firamare, gindin duwatsun Andis,
an ture bencina, an haɗa tebur huɗu.
Tamara, injiniyar ruwa daga birnin Kochabamba,
ta buɗe kwamfuta ta ce: ga kwarinku a ciki.
Ga ƙanƙarar kan dutse, ga magudana,
ga gonaki ɗari da tara.
Na'ura ta yi lissafi, ruwa zai ishi kowa.

Ba wanda ya ce uffan.
Wani kare ya leƙo, ya shinshina wayar lantarki, ya fice.

Sai tsohuwa Casimira Ticona ta gyara malafa,
ta yi magana da harshen Kechuwa, jikanta na juyawa:
"A cikin akwatin nan, wa ke buɗe magudana
ƙarfe biyun dare?
Mazanmu suna Ajantina suna yaɓa bulo.
Layin ruwana tsakar dare yake faɗowa,
ga goyon jika, ga gwiwa ta ƙi.
Ruwa ya zo ya yi sallama, ya wuce."

Tamara ta duba jadawali.
Babu dare a cikinsa, babu gwiwa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ta rufe murfin.

Aka zana kogi da alli a kan katako,
ƙwayar masara ta zama ruwa,
wake ya zama dankalin da za a haƙa.
Aka ce a yi musayar gona:
na sama ya sauko, na ƙasa ya hau.

Anselmo Poma, mai gona a bakin mafari,
wanda bai taɓa jiran ruwa ba tun haihuwa,
ya tsinci kansa a wutsiyar tebur.
Zagaye ɗaya, masara uku.
Zagaye na biyu, guda.
Na huɗu ya miƙa tafi,
sai ƙurar alli.
Ya yi dariya, dariyar ta maƙale.
Ya ce, "Wasa ne dai."
Casimira ta ce, "Shekara talatin nake yin sa."

Da yamma aka shigar wa na'ura dare,
da gwiwa, da motar da ke kwashe samari,
da tsagar magudana bayan coci
wadda kowa ya sani, taswira ce kawai ba ta sani ba.
Aka sake ta ta yi gudun shekara ashirin.
A ta sha ɗaya, gidajen ƙasa suka fara dushewa
ɗaya-ɗaya, kamar fitilun da mai ya ƙare.
Yaro ya nuna ɗigo: "Wancan namu ne."

Wakilin gunduma, da ya zo da jawabi a aljihu,
ya juya bayan takardar yana rubutu.

Ba a tashi da baki ɗaya ba.
Mutum biyu sun fita suna zagin akwatin.
Amma an soke layi guda a daftarin doka,
an sa: watannin rani, a fara daga ƙasa,
da rana.

Tamara na naɗe waya ta tambaya,
"Me kuma na manta?"
Tsohuwa na tsince masara cikin zane,
don ba a barin abinci a ƙasa, ko na wasa ne,
ta ce, "Akwai wani marmaro.
Ki dawo baɗi. In kin dawo, na nuna miki."