Gidan da Ba Ya Jiran Katafila

Sau biyu jan fenti ya ziyarce ni.
Na farko a Mpape, ina kasuwa,
na dawo na tarar da ƙofata tsaye ita kaɗai,
kwaɗo a rufe, mabuɗi a aljihuna,
bayanta kuwa sarari.
Na biyu a Karmo, a kan idona:
katafila ta haɗiye gumin shekara shida
kafin shayin hannuna ya huce.

Daga ranar na daina yarda da harsashin gini.

A Apo, bayan garejin Istifanus,
wata tsohuwar tirelar janareto na kwance cikin ciyawa,
tsawo ƙafa goma sha shida, faɗi bakwai,
tsatsa ta ci gefe guda, ƙadangaru sun kama haya.
Ya ce, "Me za ka ɗora mata?"
Na ce, "Iyali."
Ya yi dariya har ya cire gilashin walda,
sannan ya rage mini dubu goma sha biyar.

Katako daga Dei-Dei a bayan a-kori-kura,
kwanon rufi na gwanjo, mai ramukan ƙusoshin wani,
na bi su da kwalta ɗaya bayan ɗaya.
Ni fa tela ne, ba kafinta ba.
Na san awo, amma yadi yana yafiya,
katako ba ya yi:
in ka yanke shi gajere, babu kalmasar da za ka warware.
Guduma ta san babban yatsana kafin ta san ƙusa.
Farcen ya yi baƙi, ya fita, wani ya tsiro,
bango na uku bai tsaya ba tukuna.

Ran da na kafa ƙofa Tabawa ta zo,
ta gwada da mayafinta, ta yi shiru.
Gadonta na aure ya fi ƙofar da taƙi ɗaya.
Kwana uku ko ci kanka ba ta ce mini ba.
A na huɗu ta miƙo zarto da hannunta,
ta juya baya, ta ce, "Yi sauri."

Tukwane tara, uku suka samu shiga.
Keken ɗinki ƙarƙashin taga,
shi ne teburin cin abinci in dare ya yi.
Ladiyo na yi wa ɗan bene kusa da rufi,
in ruwa ya sauko ita ke fara ji,
ta leƙo da kai ta ba mu labari
kamar mu a wani gari muke.

Inna ta kira daga gida:
"Ɗakin da bai taka ƙasa ba,
in an haihu, ina za a binne cibi?"
Ban da amsa.
Ladiyo dai ta shuka lemo a bokitin fenti,
ta ce shi ma ya koyi tafiya.

Jiya mai jan fenti ya iso Lugbe.
Ya zaga mu sau biyu, ya durƙusa, ya leƙa,
ya ga iska na wucewa
tsakanin ɗakina da ƙasar gwamnati.
Ya ce, "Wannan gida ne ko mota?"
Tabawa ta ce daga taga, "Ya danganta da mai tambaya."
Ya nemi ruwa, ya sha, ya ce zai tambayi oga.
Burushinsa ya koma a bushe.

Gaskiya, ban taɓa jan gidan ba.
Ba ni da motar ja, ban ma san inda za mu ba,
kuma kusurwar gabas tana yoyo har yau.
Amma duk Juma'a, in na dawo masallaci,
nakan ari famfon mai faci,
in durƙusa gaban tayoyin nan huɗu
in ba kowace iskarta.