Aikin Dare a Ɗakin Hoto

Ƙarfe biyu na dare, injin ya huce.
Na sallami yaron Mabera da ya faɗo daga mangwaro,
ƙashin hannunsa na nan jikin gilashi,
fari fat, da 'yar tsaga irin ta bakin ƙwarya.

Sai waya ta haska. Lubabatu ce daga Dundaye,
ɗiyar ƙanena, wadda lissafi ke hana wa barci:
"Baffa, duba wanga hoto. Irin aikinka ne."

Na duba. Baƙi wuluk, sai ɗige-ɗige,
ja da shuɗi, kamar an watsa garwashi a tsakar gida.
Ta ce jariran taurari ne,
suna kwance cikin wani gajimare mai kauri
da ido bai iya hudawa,
amma hasken nan nawa,
wanda nake ɓuya masa bayan bangon darma,
shi ke ratsowa ya tona asirinsu.

Ta ce ƙananan sun fi manyan rigima.
Su yi tsit, su yi tsit,
can sai su tsala ihu na wuta.
Na ce ai ban yi mamaki ba,
ɗakin haihuwa na bayan tagata.

Shekara ashirin da shida ina cewa
ja numfashi, riƙe, kar ka motsa.
To su wa ke gaya musu haka?
Ta yi dariya: ba a ce musu komai, Baffa,
madubin can sama yake, inda iska ta ƙare,
ya zura ido kwana da kwanaki
yana tsintar haske ƙwaya-ƙwaya
kamar tsohuwa da faifan shinkafa.
Kuma hoton ya tsufa a hanya:
tun ba a aza tubalin Sakkwato ba ya taso.

Na fito baranda. Ko iska babu.
Zafin jiya bai gama fita daga siminti ba.
Na ɗaga kai ta saman darbejiya,
ban ga komai ba sai abin da kowa ke gani.

A bayan taga wani sabon baƙo ya canyara kuka,
ungozoma na cewa barka, barka.
Aka turo keke da wani dattijo mai tari.
Na sa waya aljihu, na kunna inji.
Baba, ja numfashi.
Riƙe.