Ajiyar Kwana Uku

Ranar Alhamis, ko assalatu ba a gama kira ba,
Barira ta buga mini ƙofa da gwiwar hannu
don hannuwan duk sun cika:
Walida a kafaɗa, tana barci baki buɗe,
ledar kaya, ledar magani,
da takarda mai layi goma sha huɗu
wai ta koya mini raino.
Ni da na yaye bakwai a nan Tudun Jukun!

"Kwana uku kacal, Iya. Jos za mu."
Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya.
Wai hutu.
Na ce hutun me, ko makaranta kuka koma?
Ɗalhatu na bakin lungu cikin motar aro,
ya sunkuyar da kai kamar mai bashin goro.

Kafin hantsi Safwan ya jefa carbina a randa.
Ya kama hannuna, ya juya, ya juya,
ya ce, "Iya, fatarki ta yi miki yawa."
Nusaiba kuwa alƙaliya ce:
"Ba haka Mama ke yanka albasa ba."
Walida ta ce ba ta san koko ba
sai a shuɗin kofinta,
kofin kuma yana can, an kulle gida da shi.
Sai da Iro tela ya bar keke,
ya naɗe wando, ya haura katanga
ya dawo da kofi da ƙujewa a ƙauri.
Maman Bose ta leƙo da ƙosai a jarida,
ta ce ta jiyo kukan tun daga bakin famfo.

Sau goma sha ɗaya Barira ta kira.
Sun ci? Sun yi wanka? Tarin ya lafa?
A na ƙarshe na ce, ke 'yar nan,
kin biya kuɗin mota har Jos
don ki zo ki zauna a tsakar gidana?
Kashe wayar.
Dubi fuskar mijinki,
shekara shida ƙeyarsa kawai kike gani
yana fita da jakar makaranta a kowane hannu.

Daren Juma'a hadari ya taso ta Samaru,
aka ɗauke wuta.
Suka taru a gadona kamar 'yan tsaki,
ƙafar wannan a haƙarƙarina,
yawun wancan a zanina.
Tun da Malam ya rasu
ɗakin nan bai ji numfashi da yawa haka ba.

Ban yi barci ba.
Shekara arba'in da ɗaya muka yi.
Ya taɓa cewa, "Hansatu, in an yi albashi
zan kai ki Kufena, mu hau dutse
ki ga garin nan daga sama."
Kufena fa, ga ta nan, tafiyar da ba ta kai sanyin shayi ba.
Albashi ya zo, ƙyanda ta zo.
Wani ya zo, kuɗin makaranta ya riga shi.
Muka yi ta cewa baɗi
har baɗi ta zo ta tarar da ni kaɗai.

Lahadi da la'asar suka dawo
da rabin buhun dankali da mura.
Yana magana tana dukan kafaɗarsa tana dariya,
irin dariyar da ban ji ta katanga ba
tun kafin a haifi Safwan.
Yara suka kwasa a guje, ko waiwaye.
Walida ce kawai ta tsaya a zaure,
ta dube ni, ta dubi uwarta,
sannan ta zaɓa.

Na share ɓawon gyaɗa, na tsamo carbi.
Ƙarƙashin gado na tsinci shuɗin kofin.
Na wanke, na kife shi a kan randa.
Ban aika musu ba.
In suna so su zo su ɗauka,
ko kuwa su sake tafiya.