Jan Biron Barira

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Agege,
janareton maƙwabci yana tari,
ni kuwa ina kan tabarma da takarda,
sakataren 'yan albasa na Mil Sha Biyu,
zan kai kukanmu gaban hukumar kasuwa.

Da zafin zuciya na rubuta:
"Kowa ya sani an zalunce mu.
Tun da aka ƙara kuɗin ƙofa
albasarmu take ruɓewa."
Na maimaita, ta yi mini daɗin baki,
har na gyara zaman hula.

Barira ta rufe littafin lissafinta,
'yar aji biyar, ta karɓa da hannu biyu,
ta zaro jan biro daga ɗankwali.

"Baba, wane ne Kowa?
A wace rumfa yake zama?
In an ce ya miƙe, wa zai miƙe?"

Na ce, ke, ba a yi wa babba haka.
Ta ce, "Ni 'yarka ce, da ladabi nake tambaya.
Mutumin ofis ba kai ka haife shi ba."

Sai ta ja layi ƙarƙashin "tun da".
"Zakara na cara, gari na wayewa,
amma ko an yanka shi rana za ta fito.
A watan shida aka ƙara kuɗi,
a watan shida ruwa ya kece.
Wanne a ciki ya taɓa albasa?"

Ban amsa ba.
A titi kwandasta na kiran Oshodi, Oshodi,
shi dai ya san inda ya dosa.

Kwana tara na yi a bakin ƙofa,
takalmi cikin caɓi, littafi a hammata,
ina ƙirga abin da a da nake rantsuwa a kansa.
Mota talatin ta iso daga Aliero.
Sha tara sun kwana biyu a waje,
don taga ɗaya ce ake biya,
mai karɓa ɗaya, yana tashi da la'asar.
Waɗanda suka kwana, buhu goma-goma ya lalace.
Waɗanda suka shige, biyu ko uku.

Ashe ba kuɗin ba ne, layin ne.
Na kusa harbin inuwa, kura na tsaye.

Sai motar Sallau ta ɓata mini lissafi:
ranar da ta zo ta shiga,
amma buhu sha huɗu ya zama ruwa,
tamfol ɗinsa duk ya yage.
Na ce mu bar Sallau a gida.
Barira ta ce, "Sa shi.
Abin da ka binne da dare
su za su tono maka da rana.
Ka rubuta har maganar Iya Risikatu,
da ta ce da kuɗin ake yashe kwata.
Ka ba hujjarsu kujera ta zauna,
sannan ka amsa mata."

Wasiƙar ƙarshe ba ta cika shafi ba.
Babu "zalunci" a ciki, na yi kewarsa.
Akwai ranaku, akwai lambobin mota,
akwai Sallau da yagaggen tamfol,
da roƙo guda: a buɗe taga ta biyu.

Mutumin ofis ya karanta,
ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.
Ya ce in dawo ran Laraba.
Ban san abin da Laraba za ta haifa ba.

Jiya a teburin mai shayi
wani ya ce, "An ce za a tashi kasuwar."
Na ji bakina ya riga ni:
"Wa ya ce?"
Suka juyo suna kallona.
A aljihun gaban rigata
akwai jan biro, sabo, nawa na kaina.