Mai Fassara a Rumfar Nomau

Rumfar Nomau a Garkawa:
zana shida, benci tara, tele guda,
da inji mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Dala biyar kuɗin shiga.
Ni ba na biya,
ni ne bakin mutanen da ke cikin gilashi.

Aji huɗu na yi a lakwal.
Faransancina bai cika cokali ba,
sauran harsunan ko sannu ban sani ba.
Amma da Bature ya buɗe baki
sai ka ji shi yana Adaranci
ta maƙogwarona.

Katin da Tsahiru ya aiko daga Abijan
bai fi farce girma ba,
ya tara kaya kamar jakar ɗan koli:
kuka, harbi, shashanci,
da wani mai tashi sama ba fiffike.

Na barkwanci ba ya nemana.
Wandon ango ya tsage gaban surukai,
in ajiye lasifika in kurɓi shayina.
Kunya ba ta da yare.

Akwai na wata mata a bakin taga,
shekara tara tana jiran wasiƙa.
Ban san abin da take faɗa ba,
sai na ara mata maganar innata,
wadda takan yi in ta zaci mun yi barci:
“Ya ce da kaka zai dawo,
bai dai faɗi wace kakar ba.”
Habsu mai ƙosai ta leƙo karɓar canjinta,
ta tsaya nan, tsinke a hannu,
har mai ya ƙone a kasko.

Yara kuwa mai shuɗiyar alkyabba suke so,
wanda ke ɗaga jirgi da hannu guda.
Illa ya ja mini riga:
“Tunda yana kai wa gajimare,
me ya hana shi koro su wajenmu?
Geron babana ya sunkuya.”
Na ce takardunsa ba su cika ba,
an tsare shi a kan iyaka.
Rumfa ta kece da dariya.
Illa bai yi ba,
ya ƙidaya wani abu da yatsunsa.

Daren Alhamis muka sa na yaƙi.
A nan nake baje kolina:
“Ku matso ku sha wuta, ƴaƴan banza!”
Samari na dukan benci, ƙasa na girgiza.
Wani ɗan soja, gemu bai fito ba,
ya faɗi cikin taɓo, leɓensa na motsi.
Na ɗaga murya:
“Cewa yake a ɗaukar masa fansa!”

“Ƙarya kake.”

Assumana ne, daga bencin ƙarshe,
mai ɗingishi, wanda ya taɓa sa kaki,
wanda shekara uku ban ji muryarsa ba.
“Ruwa yake nema.
Duka ruwa suke nema,
sannan su kira uwa.”

Ko sauro ya yi shiru.
Nomau ya mai da hoton baya.
Yaron ya sake faɗuwa,
leɓen ya sake motsi.
Na ce, “Ruwa.”
Na ce, “Inna.”
Ban san da muryar wa na faɗa ba.

Nan injin ya yi tarinsa na ƙarshe, mai ya ƙare.
Taurarin Tawa suka leƙo ta ramukan zana.
Ba wanda ya nemi dalarsa.
Habsu ta miƙa moɗa cikin duhu,
ta bi hannu hannu har bencin ƙarshe.

Gobe za mu maimaita mai alkyabba.
Illa ya riga ya biya,
ya ce in tambaye shi
takarda nawa ta rage.